Rigimar Jan Fure A Ingila: Tsakanin Wanda Ya Ƙi Sawa Da Masu Zagin Sa

Duk mai leƙa gidan kallon ƙwallo bayan an tashi daga kasuwa, ko a Maraɗi ne ko Ƙonni ko Jibiya ko Maigatari, zai lura cewa da zarar watan Nuwamba ya kama sai rigunan 'yan wasan Ingila su fito da wani ɗan jan fure a ƙirji. Ba 'yan wasa kaɗai ba, har koci-koci da masu sharhi da masu karanta labarai a talabijin, kowa da nasa a maƙale. Wasu 'yan kallo kan ɗauka tallar wani kamfani ce. Ba talla ba ce. Alama ce ta tunawa da sojojin Birtaniya da suka mutu a fagen fama, kuma wannan ɗan fure da bai kai tafin hannun jariri ba, kusan kowace shekara sai ya haddasa cacar baki a ƙasar, har ta kai ga barazanar kisa da korar mutane daga aiki.

Asalin abin daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, wanda aka tsagaita wutarsa da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918. A filayen Beljiyam da arewacin Faransa inda igwa ta yi kaca-kaca da ƙasa, wannan jan fure da Turawa ke kira fofi shi ne ya riƙa tsirowa a tsakanin kaburbura. Wani likitan soja ɗan Kanada mai suna John McCrae ya yi waƙa a kansa a 1915, waƙar ta bazu, daga nan wata Ba'amurkiya Moina Michael da wata Bafaranshiya Anna Guérin suka kawo shawarar a riƙa yin na kanti ana sayarwa don a taimaki waɗanda yaƙi ya nakasa. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, wato Royal British Legion, ta fara sayar da shi a 1921, shekarar da aka kafa ta. Har yau ita ke da kasuwar. Furen na takarda ba shi da tsayayyen farashi, abin da ka ga dama za ka jefa a gwangwani, amma a haka ake tara gomman miliyoyin fam a kowace shekara.

Babu wata doka a Birtaniya da ta ce tilas ne mutum ya sa furen. Ita kanta ƙungiyar da ke sayar da shi ta sha nanata cewa ganin dama ne, kuma ba ta goyon bayan a muzanta wanda bai sa ba. To amma abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a titi daban. Duk wanda zai bayyana a talabijin daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya san cewa idan ƙirjinsa ba komai, kafin ya koma gida an fara kiran waya ana ƙorafi. A 2006 wani gogaggen mai karanta labarai na tashar Channel 4, Jon Snow, ya ce shi kam ba zai sa kowace irin alama ba yayin da yake gaban kyamara, ya kuma kwatanta matsin da ake yi wa mutane da mulkin kama-karya. Ya ce a rayuwarsa ta gida yana sawa, a wurin aiki ne ba ya yi. Wannan bayani bai hana a yi masa ca ba.

Tsoron ya kai inda a 2015 ma'aikatan fadar firaminista David Cameron suka ɗauki wani tsohon hotonsa suka liƙa masa furen da kwamfuta suka sa a Facebook. Masu idon ganin ƙwaƙwaf suka gano, aka yi ta dariya, ba shiri aka cire hoton.

Sai dai babu wanda ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan lamari kamar James McClean, ɗan ƙwallon ƙasar Ailan wanda ya taka leda a Sunderland da Wigan da West Brom da Stoke da Wrexham. A Nuwamba 2012, yana Sunderland, aka fito wasa da Everton, abokan wasansa suna da furen a riga shi babu. Tun daga ranar bai sake shan ruwa da sanyi ba a filayen Ingila: ihu, zagi, jifa, wasiƙun barazanar kisa, har iyalinsa ba a bari ba.

Don a fahimci dalilinsa sai an san garin da ya fito. McClean haifaffen Derry ne a Ailan ta Arewa, ya tashi a unguwar Creggan. Ailan ta Arewa yanki ne da ke ƙarƙashin Birtaniya, inda aka kwashe kusan shekara 30 ana zubar da jini tsakanin masu son a ci gaba da zama da Birtaniya, galibinsu 'yan Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, galibinsu 'yan Katolika. A ranar Lahadi 30 ga Janairu 1972, sojojin laima na Birtaniya suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Derry, mutum 13 suka mutu nan take, na 14 ya cika daga baya. An daɗe ana cewa mamatan ne suka fara harbi. Sai a 2010, bayan binciken da alƙali Saville ya jagoranta, aka tabbatar da cewa ba wanda ya yi abin da ya cancanci a harbe shi, kuma Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara da sunan gwamnati. Soja ɗaya tak aka gurfanar kan kisan, shi ma a Oktoba 2025 kotu a Belfast ta sallame shi saboda hujjojin ba su isa ba.

A 2014, lokacin yana Wigan, McClean ya rubuta wa shugaban kulob ɗin Dave Whelan wasiƙa wadda aka buga kowa ya gani. A ciki ya bayyana cewa yana girmama waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma da a ce furen nasu ne su kaɗai da ya sa. Amma tunda ya haɗa da dukan sojojin Birtaniya da suka yi aiki bayan 1945, har da waɗanda aka tura garinsu, sa shi zai zama cin fuska ga mutanensa. Mai karatu ya auna da kansa: yaron da ya tashi yana wucewa ta ƙofar gidajen da aka yi wannan rashi, a ce ya maƙala alamar rundunar a ƙirji ya fito duniya tana kallo.

Ba wai McClean waliyyi ba ne, kuma bakinsa ba ya shiru. A 2018 bayan wasan Stoke da Middlesbrough ya mayar wa masu zaginsa martani da kakkausan harshe a Instagram har hukumar ƙwallon Ingila ta gargaɗe shi. A 2020 kuma ya sa wani hoto yana sanye da hular rufe fuska irin ta 'yan bindigar Ailan a gaban 'ya'yansa, da sunan wasa, kulob ɗinsa ya yanke masa albashin mako biyu, shi ma ya ba da haƙuri. Wannan kam ya ba maƙiyansa sanda. Amma zagin ya riga hoton da shekara takwas, kuma akasarinsa bai tsaya kan fure ba, addininsa da asalinsa ake ci wa mutunci. An daɗe hukuma tana kawar da kai, sai a 2020 aka ci tarar kulob ɗin Barnsley fam 20,000 saboda abin da magoya bayansa suka yi masa.

Abin lura, a 2018 Nemanja Matić na Manchester United shi ma ya fito ba fure. Ya ce yana tuna masa da bama-baman da ƙungiyar NATO ta zuba wa Sabiya a 1999, lokacin yana ƙaramin yaro a ƙauyensu Vrelo. An ɗan yi gunaguni, ƙura ta lafa. Ita kuwa Charlene White, baƙar fata mai karanta labarai a ITV, da ta ƙi sawa a 2013 bisa dalilin cewa ba ta son fifita ƙungiyar agaji ɗaya a kan sauran da take taimaka wa, zagin da ta sha na launin fata ne da na kasancewarta mace. Mahaifinta fa ya yi aiki a rundunar sojan saman Birtaniya. Idan laifi ɗaya ne amma hukunci ya bambanta gwargwadon wanda ya aikata, to akwai wani abu a ƙasa wanda ya wuce fure.

Yanzu ga inda maganar take da sarƙaƙiya. Masu sukar suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa: kun ce mutum yana da 'yancin ƙin sawa, mun yarda, to mu ma muna da 'yancin mu ce abin da ya yi bai kyautu ba. Uwar da aka kawo mata gawar ɗanta daga Iraƙi ko Afganistan, idan ta ga attajirin ɗan ƙwallo yana cin arzikin ƙasar amma ya ƙi sa alamar tunawa da ɗanta, wa zai hana ta faɗin ɓacin ranta? A nan gaskiyarsu ce. 'Yancin faɗin albarkacin baki, wanda sashe na 10 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya tanada, Birtaniya kuma ta shigar da shi cikin dokarta a 1998, bai yi wa kowa alkawarin cewa idan ya ɗauki matsayi za a tafa masa ba. Wanda ya fito fili ya ƙi abin da jama'a suka ɗauka da girma, ya shirya jin magana. Masu cewa duk wanda ya soki McClean ya tauye masa haƙƙi, su ma so suke a rufe wa wasu baki.

Mu nan ba baƙin irin wannan ba ne. Ana fitar da anko a gidan biki, wata ta zo da nata zane daban, ai sai ta sha harara da habaici, wataƙila har a daina gayyatarta. Ko a kasuwa a ce ana karo-karo don iyalan wani abokin sana'a da ya rasu, wani ya ce ba zai ba da ko dala ba. Ba mai kai shi gaban alƙali, amma ba mai hana 'yan layinsu su kira shi marowaci. Inda za a ce an wuce gona da iri shi ne ranar da aka taru aka ce sai an rushe rumfarsa, ko aka tare yaransa a hanya, ko aka ce dama mutanen garinsu duk haka suke. Ba wanda zai kira wannan faɗin ra'ayi. A ganina a nan ne da yawa daga masu kare furen suke yin sata ta bayan gida: su aika wa mutum barazana, ko su nemi a kore shi daga aiki, idan an yi magana su ce ai ra'ayinsu suka faɗa.

Akwai kuma ɓarnar da tilas ke yi wa alamar ita kanta. A da, idan ka ga mutum da furen, ka san ya tuna da wani, ko ya jefa kuɗi a gwangwani da zuciya ɗaya. Yanzu da ya zama akwai ma'aikaci a bakin ƙofar ɗakin watsa labarai yana maƙala wa duk mai shiga, ba ka iya bambance mai juyayi da mai tsoron jaridun gobe. Wasu tsofaffin sojojin da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu da idonsu sun yi wannan ƙorafi. Harry Leslie Smith, wanda ya yi aiki a sojan sama, ya rubuta a 2013 cewa wannan shekarar ce ta ƙarshe da zai sa shi, saboda 'yan siyasa sun mayar da furen abin halatta sababbin yaƙe-yaƙe. Shi kam ba a samu bakin ce masa bai san darajar soja ba. Tun 1933 ma akwai farin fure da wata ƙungiyar mata ta fito da shi, na masu cewa a tuna da duk wanda yaƙi ya ci, soja da farar hula, a kuma yi fatar kada a sake. Masu sa shi su ma suna shan suka.

Wani lokacin kuma reshe kan juye da mujiya. A Kanada, inda su ma suke da wannan al'ada, akwai wani dattijo mai sharhin wasan ƙwallon ƙanƙara mai suna Don Cherry, wanda ya shafe kusan shekara 40 ana kallonsa. A Nuwamba 2019 ya fito a shirinsa ya caccaki baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, ya ce suna shan daɗinta amma ba sa iya sayen furen. Ya ƙi janye maganar, tashar Sportsnet ta sallame shi a ranar 11 ga watan, yana da shekara 85. Magoya bayansa suka ce an danne masa 'yancin magana. Amma ba gwamnati ce ta kama shi ba, ba kuma wanda ya ɗaure shi. Mai gidansa ne ya ce ba da makirufonsa ba. Kuma ba mutum ɗaya ya soka kan abin da ya aikata ba, jama'a guda ya yi wa kuɗin goro. Duk da haka, wanda ya yi murnar korar Cherry ba shi da bakin yin kuka ranar da aka kori wani don ya ƙi sawa, tunda wuƙar ɗaya ce.

Musulmin Birtaniya suna cikin waɗanda wannan iska ta fi kaɗawa. A ranar 11 ga Nuwamba 2010 wasu tsirarun matasa masu tsattsauran ra'ayi suka ƙona furen a Landan a daidai lokacin da ake shirun minti biyu, suna ihu. Kotu ta ci ɗayansu tarar fam 50, jaridu suka yi ta kururuwar cewa hukuncin ya yi kaɗan, gwamnati kuma ta haramta ƙungiyarsu a 2011. Abin da suka yi tsokana ce tsagwaronta, kuma ƙin sawa daban, zuwa wurin makokin mutane ka ƙona alamarsu daban. Sai dai ɗanyen aikin mutum ƙalilan ya jawo wa miliyoyi zargi, har ya zama kamar sai Musulmi ya sa furen kafin a yarda ɗan ƙasa ne. A 2014 aka fito da ɗankwali mai zanen furen don mata Musulmi, daidai da cika shekara 100 da Khudadad Khan ya zama Musulmi na farko da ya samu lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. Wasu sun yaba. Wasu suka ce me ya sa mu kaɗai ake nema mu nuna shaida, alhali Musulmi kimanin 400,000 ne suka yi wa Birtaniya yaƙi a rundunar Indiya a wancan yaƙin?

Masu kare furen kan ce ba ruwansa da siyasa. Hukumar FIFA ba ta yarda ba a 2016, ta ci tarar Ingila da Sikotilan da suka sa shi a wasansu na Wembley, kafin ta sassauta dokar a 2017. A 2010 kuma da Cameron ya je Sin, masu masaukinsa sun nemi ya cire, domin su furen yana tuna musu da yaƙe-yaƙen da Birtaniya ta yi da su a ƙarni na 19 don ta tilasta musu sayen banjin da ake tatsa daga dangin wannan fure. Bai cire ba.

To mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin cikin waɗanda ake cewa ana tunawa akwai kakanninmu. Sojan Birtaniya na farko da aka ce ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, a Togo, cikin Agusta 1914. Sojojin Nijeriya sun gwabza da Jamusawa a Garwa da dutsen Mora a Kamaru har zuwa 1916, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. A Yaƙin Duniya na Biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, shi ya sa har yau ake da barikin Kalapanzin a Kaduna da Myohaung a Legas da Burma Camp a Akara. A ɓangaren Faransa, wadda nata furen shuɗi ne, an kwashi samari daga Nijar da Mali da Senegal da sauran ƙasashen renonta.

Yadda aka saka musu kuwa sananne ne. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka bindige 'yan Afirkan da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 ne, masana tarihi suna cewa sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaba Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A Akara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe tsofaffin sojoji uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai wa gwamna takardar koke. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Misirawa da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunansu a kan kowane dutse ba, alhali Baturen da ya mutu tare da su an yi masa. Ministan tsaro Ben Wallace ya nemi gafara a majalisa. Saboda haka jikan tsohon sojan Bama da ke zaune a Landan ko Manchester yau, idan ya sa furen don kakansa yana da hujja, idan ya ƙi sawa don kakan nasa ɗin ma yana da hujja. Wasu baƙaƙen fata a can tun 2010 suka fito da baƙin fure nasu na kansu.

Ghana har yanzu 11 ga Nuwamba take yin nata bikin. Nijeriya ta mayar da nata 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, kuma kowace shekara shugaban ƙasa da gwamnoni kan ƙaddamar da tambarin tunawa, manyan jami'ai su maƙala a babbar riga, a yi alkawarin gudummawa. Ba a cika jin an tsare wani don bai sa ba. Ƙorafin da aka fi ji daga bakin su tsofaffin sojojin yake fitowa: a farkon Janairu 2025, ana saura kwanaki a yi bikin, wasunsu sun je sun toshe ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman a biya su bashin haƙƙoƙinsu.